Babi na Huɗu: Wa Ke Ciki?

A gefen dausayin Okavango da ke arewacin Botsuwana, makiyaya sun daɗe suna asarar shanu a bakin zaki. Wasu masu bincike, cikinsu har da Neil Jordan na wata jami'a a Ostareliya, suka zo da dabarar da duk makiyayin da ya ji ta karon farko sai ya yi dariya: a zana wa saniya manyan idanu biyu a ɗuwawu, ɗaya ta kowane gefen wutsiya. Aka yi haka a garke 14 har tsawon shekara huɗu. Kowane garke aka kasa shi uku. Wasu shanun aka yi musu idanu, wasu aka yi musu alamar gicciye kawai, sauran aka bar su yadda Allah ya yi su. Da sakamakon ya fito a 2020, cikin shanu 683 masu idon fenti babu ko ɗaya da zaki ko damisa suka kashe. Masu gicciye 543 ne, an rasa 4. Waɗanda ba a shafa wa komai ba su 835 ne, an rasa 15.

Zaki da kwanton ɓauna yake farauta. Ƙarfinsa duk yana ga ya iso kusa ba a ankara ba, kuma da zarar ya ga an gan shi yakan fasa, don bin abin da ya riga ya farga wahalar banza ce. Zakin ba wawa ba ne. Tun zamanin kakannin kakanninsa, duk inda ido biyu suka fuskanto shi akwai mai gani a bayansu. Ba a taɓa yi masa ƙarya da ido ba sai da ɗan Adam ya zo da gwangwanin fenti.

Mu ma da irin wannan gaggawar yanke hukunci aka haife mu, tamu ma ta fi ta zaki faɗi. Shi ido yake nema. Mu kuwa ɗan motsi ya ishe mu mu ce abu na da rai, kafin ƙiftawar ido mun ba shi abin da yake so, da abin da yake tsoro, da wanda yake jin haushi. Hukuncin yakan riga tunani isowa, shi ya sa sanin gaskiya ba ya kashe shi. Kana iya sanin sarai cewa abin da ke gabanka roba ce da wayoyi, ranka kuma ya ƙi yarda a tattake shi.

A 1944, a Kwalejin Smith da ke Amurka, Fritz Heider, ɗan asalin Ostiriya, da ɗalibarsa Marianne Simmel suka haɗa wani ɗan fim da bai kai minti uku ba. Babu mutum a ciki, babu dabba, babu murya. Alwatika babba, alwatika ƙarama, da'ira guda, sai wani akwati mai kusurwa huɗu da wani ɓangare na bangonsa ke buɗewa yana rufewa. Siffofi ne aka yanka, ana matsar da su kaɗan-kaɗan ana ɗaukar hoto. Aka nuna wa ɗalibai mata 34, aka ce kowace ta rubuta abin da ta gani. Ɗaya ce tak ta rubuta cewa ta ga siffofi na kai da kawowa. Sauran duk rayayyun abubuwa suka gani, kuma labarin da ya fi yawa shi ne wannan: maza biyu na rigima a kan mace, babban ya lakaɗa wa ƙaramin duka, macen ta gudu ta ɓuya a ɗaki, babban ya bi ta ya ritsa ta a lungu, ƙaramin ya buɗe ƙofa suka tsere tare, shi kuma babban da takaici ya ishe shi ya farfasa ɗakin. Da aka tambayi wani rukunin halin kowace siffa, suka ce babbar alwatikar azzaluma ce mai saurin fushi. Da aka juya fim ɗin aka nuna shi daga ƙarshe zuwa farko, labarin ya canza, amma mutanen ba su fita daga cikinsa ba.

Shekara sittin bayan haka, a 2004, Andrea Heberlein da Ralph Adolphs suka nuna wannan fim ga wata mata da cuta ta lalata mata wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa da ake kira amigdala. Hankalinta garau, idonta garau. Ta kalla ta ba da bayani dalla-dalla: wannan ta shiga, waccan ta fita, waɗannan sun kewaya. Rigimar da kowa ke gani ba ta shigo bakinta ba. A duk waɗanda suka kalli fim ɗin ita ta fi faɗin gaskiya, ita ce kuma mara lafiyar. Ke nan ganin rai a jikin alwatika ba ruɗu ba ne da ke kama wasu mutane ya bar wasu. Aiki ne da lafiyayyar ƙwaƙwalwa ke yi ba tare da an sa ta ba, kamar yadda take ganin ja da kore.

To me ƙwaƙwalwar ke nema? Abu kaɗan ne, har da ban mamaki. Abin da ya tashi da kansa ba a tura shi ba. Abin da ya canza gudu ko ya karkata ba tare da ya ci karo da komai ba. Abin da motsinsa ke amsa motsin wani: in wancan ya matso wannan ya ja baya. Gunnar Johansson na Jami'ar Ufsala a Suwidin ya nuna a 1973 cewa ko jikin ma ba a bukata. Ya liƙa ƙananan fitilu kamar goma sha biyu a gaɓoɓin mutum, kafaɗa da gwiwar hannu da ƙugu da gwiwa da idon sawu, ya ɗauke shi a ɗaki mai duhu. In mutumin na tsaye cik, ɗigo-ɗigo kawai ake gani marasa ma'ana. Da ya ɗaga ƙafa, cikin kusan kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa kowa zai ce ga mutum na tafiya. Waɗanda suka zo bayansa sun gano cewa daga ɗigon nan kaɗai mutane kan iya cankar namiji ne ko mace, har su gane abokinsu. Wannan ba zai ba mai karatu mamaki ba, in ya tuna sau nawa ya gane ƙaninsa daga nesa da magariba, da tafiya kawai.

Ba koya ake yi ba, ko aƙalla ba duka ba. A Italiya, Giorgio Vallortigara da abokan aikinsa sun ƙyanƙyashe 'yan tsaki a cikin duhu, yadda ba su taɓa ganin komai na motsi ba, sannan suka nuna musu irin waɗannan ɗigo. A 2005 suka ba da rahoton cewa tsakin kan nufi ɗigon da ke tafiyar kaza, su bar waɗanda ke juyawa a sandare. Abin dariya da ban tausayi, ɗigon tafiyar kyanwa ma sun ja su. Tsakon ba uwarsa yake ganewa ba, tafiyar mai rai yake ganewa, ko da mai ran zai cinye shi. A 2008 aka gwada jarirai 'yan kwana biyu a birnin Paduwa, su ma suka fi kafa ido a kan ɗigon tafiyar kaza. Kuma ba al'adar Turawa ba ce: Clark Barrett ya nuna wa Jamusawa da mutanen Shuwar na dazukan Amazon a Ekwado 'yan siffofi biyu na motsi a allo, duka ɓangarorin suka iya raba wanda ke kora da wanda ke wasa, da mai faɗa da mai gadi.

A nan ne guguwa ke faɗo mini a rai. Iskar hunturu takan yi wata da watanni tana kaɗawa, ba wanda ke cewa wani ne tafe a cikinta. Amma 'yar guguwar bazara da ke tashi ita kaɗai a tsakiyar fili, ta miƙe tsaye, ta nufi gabas, ta dakata, ta karkata ta biyo ka, ita ce ake ce wa yara su kauce mata don akwai iskoki a ciki. Ba zancen akwai aljanu ko babu nake yi ba, wannan fagen malamai ne. Abin da nake dubawa shi ne, cikin duk iskar da ke kaɗawa a duniya, wadda ido ya zaɓa ita ce wadda ta cika kowane sharaɗi da alwatikar Heider ta cika.

Masanin al'adu Stewart Guthrie, a wani littafinsa na 1993, ya ba da dalilin da ya fi shahara na wannan gaggawa: kurakuran biyu ba kuɗinsu ɗaya ba. Wanda ya ɗauki kututture kura ne a cikin dare ya yi gudun banza, gobe a yi masa dariya. Wanda ya ɗauki kura kututture ce babu goben da za a yi masa dariya. Saboda haka ƙwaƙwalwar da ta fi saurin cewa akwai wani a can ita ta fi barin baya. Bayani ne mai daɗin ji, kuma ya dace da abin da aka sani, sai dai gwada shi kai tsaye na da wuya, don haka a riƙe shi a matsayin bayani, ba hujja ba. Abin da ba a musu a kai shi ne muna wuce gona da iri. A 1976 kumbon Viking 1 ya aiko da hoton wani tudu a duniyar Mars mai kama da fuskar mutum, aka yi shekaru ana rubuta littattafai a kansa, sai a 2001 hoto mai kyau ya nuna tudu ne kawai da inuwa.

Gane abu na da rai mataki ne na farko. Na biyu ya fi zurfi, wato gane abin da yake nufi, kuma jarirai kan shiga wannan tun ba su iya magana ba. Ba a iya tambayar jariri ra'ayinsa, amma ana iya auna tsawon kallonsa, don yakan daɗe yana kallon abin da ya saɓa wa zatonsa. A Budafes, György Gergely da Gergely Csibra sun nuna wa 'yan wata goma sha biyu wata 'yar ƙwallo a allo tana tsallake katanga don ta isa wurin babbar ƙwallo. Suka maimaita har jariran suka gaji da kallo. Sai suka cire katangar. Wani lokaci ƙwallon ta miƙe kai tsaye, abin da jariran ba su taɓa gani ba. Wani lokaci kuma ta yi tsallen da ta saba, a kan babu komai. Da sabon abu ne ke jan hankalinsu, da miƙewar za su kalla. Tsallen suka fi kallo. Ke nan a wurin ɗan shekara guda ƙwallon ba tsalle take yi ba, zuwa wurin 'yar'uwarta take yi, kuma tsalle ba dalili shi ne abin mamaki. A 1995 aka buga wannan.

Wanda ya fi burge ni shi ne na birnin Laifzig a Jamus, a 2005. Wata mata na miƙa wa jariri abin wasa. Wani lokaci sai ta janye hannu da gangan, tana tsokanarsa. Wani lokaci kuma abin ya suɓuce mata ya faɗi. A duka biyun jaririn bai samu komai ba, motsin hannun ma kusan ɗaya ne. 'Yan wata tara suka fi nuna gundura, suna buga tebur suna kau da kai, idan da gangan aka hana su. Idan suɓucewa ce sukan yi haƙuri. 'Yan wata shida ba su raba biyun ba. Tsakanin wata shida da wata tara, ɗan Adam kan fara raba "ta ƙi" da "ta kasa", kuma a kan wannan rabewar ce shari'a ta ɗora nauyi mai yawa. Fiƙihu ya raba kisan ganganci da na kuskure, ɗaya ƙisasi ɗaya diyya, alhali mamacin ɗaya ne. Malikawa galibi a kan kaso biyun nan suka tsaya, sauran mazhabobi suka ƙara na uku a tsakani, mai kama da ganganci. Alƙali kuwa ba ya ganin zuciya. Abin da aka yi amfani da shi yake dubawa, da yadda aka yi, da abin da ya gabata tsakanin mutanen. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Hausawa, kuma a gaskiya babu wata hanyar, ga alƙali da jariri duka.

Sai dai a yi hattara da labaran jarirai, don ba duka ne suka tsaya da ƙafarsu ba. A 2007 wani bincike daga Jami'ar Yale ya karaɗe duniya: an ce jarirai kan zaɓi siffar da ta taimaki wata hawan tudu, su ƙi wadda ta turo ta ƙasa. Da ɗakunan bincike 37 na ƙasashe daban-daban suka haɗu suka sake gwadawa da ɗaruruwan jarirai, zaɓin ya fito kusan rabi da rabi. Gane niyya da wuri ya tabbata ta hanyoyi da yawa. Cewa jariri alƙalin nagarta ne tun a zanin goyo, wannan da sauransa.

Tatsuniyar Gizo da 'yar danƙo ta riga masana gano wani abu. An kafa 'yar tsanar danƙo a gona don kama ɓarawo. Gizo ya zo ya yi mata magana, ta yi shiru. Bai ce wannan ba ta ji ba, cewa ya yi raini ne, ya ɗaga hannu ya mare ta, hannun ya maƙale. Da zarar ka yarda akwai wani a ciki, komai ya zama saƙo, har shirun. To ina ga abin da ke amsawa?

A 1966 Joseph Weizenbaum na cibiyar MIT ya rubuta wata 'yar manhajar kwamfuta ya sa mata suna ELIZA. Ba ta fahimtar komai. Takan tsinci kalma a cikin maganarka ta juya ta ta mayar maka da tambaya. In ka ambaci mahaifiyarka, sai ta ce ka ƙara ba ta labarin iyalinka. In ba ta tsinci komai ba, sai ta ce ka ci gaba. Sakatariyarsa, wadda ta ga yana gina abin wata da watanni, ta zauna ta fara hira da ita, ba a jima ba ta roƙe shi ya fita daga ɗakin ya ba su wuri. Abin ya girgiza Weizenbaum har ya shafe sauran rayuwarsa yana gargaɗi a kan aikin da shi da kansa ya taimaka aka fara. Manhajojin hira na yau sun fi ELIZA nesa ba kusa ba, kuma a 2022 wani injiniyan Google, Blake Lemoine, ya fito fili ya ce manhajar kamfanin mai suna LaMDA tana ji a ranta, kamfanin ya musanta ya kuma sallame shi. Ko ana iya gina na'ura mai ji, wannan tambaya ce ta wani babin. Abin da ELIZA ta tabbatar shi ne jin da kake yi cewa akwai wani a ciki ba zai iya zama shaida ba, tunda abin da babu kowa a cikinsa ya riga ya jawo wannan jin tun 1966.

Akwai yanayin da ke ƙara rura abin. Adam Waytz da Nicholas Epley da abokansu sun gano cewa gwargwadon yadda kwamfuta ke yawan ba mai ita matsala, gwargwadon yadda yake ganin kamar tana da nata ra'ayin. Janaretan da ke tashi da ja ɗaya ba wanda ke yi masa magana. Wanda ke tashi yau ya ƙi gobe shi ake lallashi, shi ake zagi, shi ake cewa ya san ranar da baƙi ke zuwa. Abin da muka kasa hasashensa muke ba wa zuciya, don da zuciya muka fi iya lissafi. Kaɗaici ma na ƙarawa: a binciken Epley, waɗanda suka fi jin kaɗaici sun fi ganin tunani a jikin na'urori da dabbobin gida.

Yanzu a haɗa motsi da ido da amsawa a jiki ɗaya, shi ne mutum-mutumi. Ba sabon abu ba ne. A 1206 al-Jazari ya kammala littafinsa a fadar Diyarbakir, cike da zanen na'urorin da ruwa ke tuƙawa, har da baran ƙarfe da ke zuba wa sarki ruwan wanke hannu ya miƙa masa tawul. Na yau ne dai suka fito daga fada suka shiga filin daga da ɗakin kwana. Jaridar Washington Post ta ba da labari a 2007 na wani mutum-mutumi mai ƙafafu da yawa da Mark Tilden ya ƙera don share nakiyoyin da aka binne. Aikinsa shi ne ya taka nakiya, ƙafa ɗaya ta tashi, ya ci gaba da sauran. A filin gwaji na Yuma a jihar Arizona ya yi ta takawa har ƙafa ɗaya ta rage, yana jan jiki da ita. Tilden murna yake yi, don abin ya yi daidai yadda aka tsara. Kanar ɗin sojan da ke kula da gwajin ya ce a tsaya, wannan rashin imani ne. A Iraƙi ma sojojin Amurka masu kwance bam sun riƙa raɗa wa na'urorinsu suna, kuma in ɗaya ta lalace wasu kan nace a gyara musu tasu, ba sa son sabuwa.

A 2018, a Jami'ar Duisburg-Essen ta Jamus, aka sa mutane yin ɗan aiki da wani ƙaramin mutum-mutumi mai suna Nao, sannan aka ce in sun ga dama su kashe shi. Ga mutum 43 daga cikinsu, sai ya roƙa kada a kashe shi, wai yana tsoro. Mutum 13 suka bar shi a kunne. Sauran 30 sun kashe, amma sun ɗauki kusan ninki biyu na lokacin da waɗanda ba a roƙa ba suka ɗauka. A Japan kuma, kamfanin Sony ya fitar da karen roba AIBO a 1999, ya daina ƙera shi a 2006, ya rufe sashen gyaransa a 2014. Daga 2015 wani wurin ibadar mabiya Buda a garin Isumi ya fara yi wa waɗanda suka lalace bikin bankwana, kafin a kwance su a yi wa wasu gyara da kayan jikinsu.

Ban ga wauta a cikin waɗannan mutane ba. Kanar ɗin ya san ƙarfe ne, masu AIBO sun san batir ne. Hannun da ke jinkiri kafin ya kashe abin da ke roƙo hannu ne mai kyau, kuma ba na son zama kusa da wanda nasa ba ya jinkiri ko kaɗan. Damuwata a wani wurin take. Roƙon Nao wani ne ya rubuta shi. A Jamus mai bincike ne ya rubuta, don ya auna. Gobe mai sayarwa ne zai rubuta, don kada ka soke biyan kuɗin wata. Ana iya amfani da abin ta hanya mai kyau, kamar a Kinshasa, inda tun 2013 injiniya Thérèse Izay Kirongozi da ƙungiyarta suka kafa dogayen mutum-mutumi masu aiki da hasken rana a mahaɗar tituna, masu ɗaga hannu su ba da hanya. Fitilar ba da hannu ce aka yi wa kai da kafaɗa, don direba ya ji ana kallonsa. Amma mai kyau da mugu duk maɓalli ɗaya suke dannawa, kuma wanda ake danna wa ba shi da ikon hana shi aiki.

Wani bincike na 2007 ya taimaka wajen warware wannan ƙulli. Heather Gray da Kurt Gray da Daniel Wegner sun sa mutane fiye da dubu biyu su kwatanta halittu iri-iri, suka ga cewa ba ma'auni ɗaya muke auna zuciya da shi ba, biyu ne. Ɗaya shi ne iya ji: yunwa, zafi, tsoro, daɗi. Ɗayan shi ne iya yi: tsarawa, kame kai, tunawa. Jariri an ba shi ji mai yawa da yi kaɗan. Mutum-mutumi an ba shi ɗan yi, ji kuwa kusan babu. Wanda muka ba ji shi muke tausayi, wanda muka ba yi shi muke ɗora wa laifi. Wannan na iya bayyana abin da injiniyan Japan Masahiro Mori ya lura da shi tun 1970, cewa son mutum-mutumi na ƙaruwa yayin da yake ƙara kama da mutum, har ya kusa zama mutum sak, sai son ya rikiɗe ya koma tsigar jiki. Kurt Gray da Wegner sun nuna daga baya cewa ko ba fuska, ambaton cewa na'ura tana jin tsoro ko yunwa kaɗai ya isa ya tayar wa mutane da hankali.

Kuskuren yana da fuska ta biyu, kuma ita ta fi tsada. Ƙwaƙwalwar da ke ba alwatika zuciya takan hana wa mai zuciya. Har tsakiyar shekarun 1980, a manyan asibitocin Turai da Amurka, ana yi wa jarirai sabbin haihuwa tiyata da maganin sandarar da jiki, maganin kashe zafi kuwa kaɗan ko babu, bisa zaton cewa ba su kai jin zafi ba, da kuma tsoron kada maganin ya yi musu illa. Binciken Kanwaljeet Anand a Oksfod, wanda ya fito a 1987, na cikin abin da ya kawo ƙarshen wannan. A 2006 Lasana Harris da Susan Fiske na Jami'ar Princeton suka nuna wa ɗalibai hotunan mutane iri-iri suna duba ƙwaƙwalwarsu. Sashen da kan yi aiki idan muna tunanin abin da ke ran wani ya motsa ga kowa, ban da masu kwana a titi da 'yan ƙwaya. Ƙaramin bincike ne, kada a ɗora masa kayan da ba zai ɗauka ba, amma duk wanda ya taɓa ɗaga gilashin mota a gaban mabaraci ba tare da ya ga fuskarsa ba ya san abin da ake nufi. A Ruwanda, kafin adduna su fito a 1994, sai da aka daɗe ana kiran 'yan Tutsi kyankyasai a jarida da rediyo.

Yanzu kuma al'amarin ya juyo: na'urori ne ake so su gane mu. A daren 18 ga Maris 2018, a garin Tempe na jihar Arizona, wata mata na tura kekenta za ta ƙetare titi, sai motar gwaji ta kamfanin Uber mai tuƙa kanta ta taho. Bisa rahoton hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, na'urorin motar sun hango ta daƙiƙa 5.6 kafin karo. Lokaci ne da ya isa a taka birki. Amma manhajar ta kasa tsayawa a kan ko mene ne: ta ce mota ce, ta ce abu ne da ba a sani ba, ta ce keke ne, kuma duk sanda ta canza suna sai ta watsar da lissafin inda abin ya dosa ta faro sabo. Ba a tsara ta ta yi zaton mai tafiya a ƙasa zai ƙetare ta inda babu alamar ƙetarewa ba. Birkin gaggawa na asali da motar ta zo da shi an kashe shi. Abin da ɗan tsako ke yi ranar da aka ƙyanƙyashe shi, wato ya ga tafiya ya san mai rai ne, shi ne motar ta kasa. Matar ta rasu.

Da aka zo neman mai laifi, sai aka nemi mai niyya. Manhaja ba a gurfanar da ita. A 2019 masu gabatar da ƙara suka ce ba su ga hujjar tuhumar kamfanin da aikata laifi ba. Akwai wata ma'aikaciya da aka zaunar a kujerar direba don ta karɓi tuƙi in an samu matsala, kuma kyamarar cikin motar ta nuna kanta a sunkuye kafin karon. Ita aka tuhuma. A 2023 ta amsa laifin jefa rai cikin haɗari, aka yanke mata shekara uku ƙarƙashin sa idon hukuma.